Chrome: a ci gaba da shi ko a nemi madadi?

Malam Habu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina aka kwana kan maganar sayar da Chrome? Mai shagon kwamfuta da ke da injina kamar goma, ya sauya burauza ko ya dakata?

Injiniya Rabi: Wa alaikumus salam Malam. Ba a sayar ba. A Agusta 2024 alƙali Amit Mehta na Amurka ya yanke cewa Google ya yi babakere a harkar bincike ba bisa ƙa'ida ba, Ma'aikatar Shari'a ta nemi a tilasta masa rabuwa da Chrome, har kamfanin AI mai suna Perplexity ya taya dala biliyan 34.5. A Satumba 2025 alƙalin ya ƙi amincewa, ya dai hana shi yarjejeniyar da ke toshe wa abokan gasa ƙofa. Ni abin da ya fi damuna daban ne: sabon tsarin Google na ƙananan manhajojin da ake ɗora wa burauza, Manifest V3, ya kashe uBlock Origin, mai toshe talla, a Chrome. Sai ƙaramin nau'insa, uBlock Origin Lite, ya rage, shi kuma bai kai na asali tace talla ba, talla kuwa data take ci.

Auwalu: Gaskiya ne Hajiya. Kuma a lura, Edge, Brave, Opera da Samsung Internet duk a kan Chromium, tushen Chrome da Google ke jagoranta, aka gina su. Wanda ya koma can yana ƙarƙashin inuwar Google har yanzu. Firefox ne mai injin kansa, Gecko, kuma cikakken uBlock na aiki a kai, har a Android.

Malam Habu: To ya ake kwashe kaya?

Auwalu: A Chrome rubuta chrome://password-manager/settings, ka sauke kalmomin sirri. Fayil ɗin CSV zai ba ka. A Firefox buɗe about:logins, ɗigo uku, ka shigo da shi. Nan ake yin kuskure: fayil ɗin a buɗe yake, ba kulle, duk wanda ya same shi zai karanta komai da Excel. Ka goge shi nan take, ka share kwandon shara, kada ka tura wa kanka ta WhatsApp. Passkey, makullin shiga shafi ba da kalmar sirri ba, ba ya bin CSV, sai ka sake ƙirƙirarsa a kowane shafi. Shafukan da ka adana kuma, a Chrome danna Ctrl+Shift+O, ɗigo uku, ka fitar da su a HTML.

Injiniya Rabi: Kada dai a cire Chrome gaba ɗaya. Wasu shafukan rajista da na biyan kuɗi da shi kaɗai aka gwada su, a Firefox sai maballi ya ƙi dannuwa ko hoto ya ƙi hawa. A bar biyun a kowane inji. Injin da ke kan Windows 7 kuwa Chrome ya tsaya masa a 109 tun 2023, ba ya samun gyaran tsaro, kada a shiga banki da shi.

Baba Ɗanlami: Ku ƙara da wannan, yara. Mafi yawan kuɗin Mozilla, masu Firefox, daga Google yake zuwa, ladan sa bincikensa a gaba. Ranar da aka yanke kuɗin nan Firefox zai ji jiki. Don haka ku ajiye kalmomin sirri a manhajar da ba ta kowane burauza ba, Bitwarden ko KeePassXC.

Malam Habu: Na gode, Allah ya saka. Mai ƙaramar waya fa, Baba?

Baba Ɗanlami: Opera Mini don karanta labarai, yana matse shafi a sabarsa kafin ya iso, Chrome kuwa ya cire nasa tsarin rage data, Lite mode, tun 2022. Harkar banki a yi ta cikin manhajar bankin.