Tsohon hoton da ya fi ƙarfin sikana: yaya kuke haɗa shi ku gyara?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ana yawan kawo tsofaffin hotunan iyali masu girman santimita 30 da 40, ana so a gyara a sake wankewa, ga shi sikanar da ke yawancin shagunanmu A4 ce. Duk wanda ya saba da aikin ya taimaka mana da yadda yake yi, daga ɗauka har zuwa bugawa.

Mai shagon hoto: Wa alaikumus salam. Gilashin A4 kusan santimita 21 da 30 ne, don haka kada a yi kwaɗayin ɗaukar irin wannan hoto gida biyu. Wajen haɗin ba zai wuce santimita 2 ba, gefe kuma zai yanke. A ɗauka gida huɗu, kowane yanki ya hau kan ɗan'uwansa da aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu. A wannan hawan ne manhaja ke gane inda za ta ɗinke.

Kafin a fara, a shiga saitin sikanar a kashe duk wani gyaran haske da launi da take yi da kanta. In an bar shi, yankin da farar riga ta yi yawa zai fito da duhu, na bango ya fito da haske, bayan an haɗa sai ka ga layi ya raba hoton. A saka ɗigo 600 a kowane inci, a adana fayil ɗin a tsarin TIFF, wanda ba ya zubar da komai. Kowane yanki zai kai megabait 100, amma JPEG duk adanawa sai ya zubar da wani abu. Kuma a goge gilashi kafin kowane yanki, musamman da hunturu. Ƙwayar ƙura ɗaya sai ta fito a wuri huɗu.

Mai aikin sikana: Malam ya faɗi gaskiya, sai dai akwai abu biyu da ke ɓata aiki ko an bi wannan. Fitilar sikana daga gefe ɗaya take haska takarda, saboda haka in ka juya hoton ƙasa a sama don ka ɗauki ɗaya ɓarin, inuwar saman takardar za ta juya, haɗin ya nuna. In murfin na cirewa ne a cire shi, a riƙa zame hoton ba tare da an juya ba, a ɗora baƙin kwali da littafi mai ɗan nauyi a kai. Sannan bakin gilashin yana da tudu, yana ɗaga takardar. Siraran sikanoni masu CIS, wato na'urar ɗauka da ke dab da gilashi, ba sa ganin abin da ya tashi daga gilashi, gefen nan zai fito dishi-dishi. A yanke santimita ɗaya daga wannan gefen kafin a haɗa.

Mai tambaya: To wanda ya manne da gilashin firam fa, Yaya?

Mai aikin sikana: Kada a ɓamɓare shi, fuskar hoton za ta biyo gilashin. A jingina shi a inuwa, a ɗauka da kyamara ko waya tana kallonsa daidai, haske na zuwa daga hagu da dama a karkace, ba filasha. A kulle haske da saiti a kan yankin farko.

Mai koyar da kwamfuta: Haɗawa ita ce mai sauƙi in ɗauka ta yi kyau. A Photoshop a shiga File, Automate, Photomerge, a zaɓi Reposition, a bar alama a kan Blend Images Together. Zaɓin Auto kuwa na iya ɗaukar yankunan kamar hoton fili da aka ɗauka ana juya kyamara, ya lanƙwasa su, kai ya yi tsawo ko kafaɗa ta karkace. In manhaja ta kasa, galibi wajen haɗin ya faɗa kan bango ne fari fat, babu abin kamawa. Sai a yi da hannu: a ɗora yanki kan yanki, a mayar da leyar sama Difference, a riƙa matsawa da maɓallan kibiya har wajen haɗin ya yi baƙi ƙirin. Manhajar GIMP ma na yin wannan, kuma kyauta ce, haka manhajar haɗa hotuna ta Hugin. Ko ta yaya aka yi, kada ɗinkin ya ratsa fuskar mutum. A bi da shi ta bango ko ninkin riga.

Mai gyaran hotunan biki: Sai an haɗa ake taɓa launi, kuma a kan kwafi, na asali a ajiye shi daban. Hotunan kala na shekarun 1970 da 1980 yawanci sun koma ja-ja, domin rinin shuɗi-kore ne ya fi saurin kodewa. Ba a gyara wannan da rage kala gaba ɗaya. A buɗe Levels, a bi ja, kore da shuɗi ɗaya bayan ɗaya, a jawo kibiyoyin gefe zuwa inda tudun zanen da ke cikin Levels ya fara. Wannan kaɗai kan dawo da mafi yawan launin. Sai a lura da farin rawani da shadda: in aka matsa haske, ninki da aikin wuya duk su ɓace, riga ta zama farar takarda.

Karce da tsaga na takarda, Spot Healing ya isa a bango. Kusa da ido ko leɓe a koma Clone Stamp da ƙaramin buroshi, a zuƙo hoton sosai.

Abin da ya fi damuna shi ne manhajojin waya masu sabunta fuska da taɓawa ɗaya. Ba gyara suke yi ba, sabuwar fuska suke zanawa. Suna ɗaukar zanen gado da ke kumatun tsoho ko tsohuwa a matsayin karce su share, su sake ido da haƙora, fata ta yi sumul. Jikoki su biya kuɗi su rataye wanda ba kakansu ba. Gara hoto ya zauna da ɗan dishinsa, mai shi yana nan yadda Allah ya yi shi. In akwai alamar da ba ka tabbatar ba ko ta fuska ce ko ta takarda, tambayi mai hoton kafin ka goge.

Mai shagon hoto: Wallahi Hajiya kin taɓo inda yake mana ciwo.

Mai buga hotuna: Na ƙarshe ya zo hannunmu. Lissafin ɗigo 300 ne a inci: inci 8 da 10 na son fiksel 2400 da 3000, inci 12 da 18 na son 3600 da 5400. A Image Size a cire alamar Resample a ga iya girman da hoton zai kai da gaskiya. Babban hoton bana (banner) da ake kallo daga nesa, 100 zuwa 150 ya wadatar. A bar launi a tsarin sRGB sai in mai inji ya nemi wani. Ƙara kaifi shi ne aikin ƙarshe, bayan an daidaita girma, kuma kaɗan, in ba haka ba farin zobe ya kewaye kai. Allon kwamfuta ya fi takarda haske, don haka a fara buga ƙaramin gwaji a duba fuska. In ta WhatsApp za a turo, a turo shi a matsayin fayil, domin in aka tura a hoto zai matse shi. A kuma bar milimita 3 zuwa 5 a kowane gefe saboda bakin firam, kada ya cinye hula.