Hatsi za mu aika wa mutanenmu da fari ya shafa, ko kuɗi?

Ɗan Mile 12:

Assalamu alaikum. Mu 'yan kasuwa ne masu sayar da albasa da tattasai a nan kasuwar Mile 12 da ke Legas, kuma yawancinmu mun fito ne daga ƙauyukan arewacin Yobe da Jigawa. Bana ruwa ya ɗauke a wajenmu daidai lokacin da gero yake fitar da kai, gonaki da yawa ba su ba da abin da zai kai iyali bazara ba, ciyawa ma ba ta yi ba. Mun yi karo-karo mun tara abin da Allah ya hore, amma kanmu ya rabu biyu. Wasu sun ce a sayi hatsi a Dawanau a ɗora a mota a kai, wasu sun ce a tura wa kowane magidanci kuɗi ya sayi abin da yake bukata. Akwai kuma rugagen Fulani a gefen ƙauyukan, waɗanda tun kakanni muke zaune tare, ba mu san irin taimakon da ya dace da su ba. Masu sani su ba mu shawara, Allah ya saka da alheri.

Mai fataucin shanu, Agege:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Zan yi magana a kan makiyaya, domin nan ne sana'ata, kuma su ne aka fi mantawa idan an zo rabo. Makiyayi a shekarar fari asara biyu yake yi lokaci guda: kuɗin dabbarsa yana faɗuwa saboda kowa ya kawo tasa kasuwa a rame, kuɗin hatsi kuma yana hawa. Bijimin da a da zai sayar ya ciyar da gida wata da watanni, sai ka ga bai sayi rabin hatsin ba. Mu da muke saro shanu daga Potiskum da Maigatari zuwa mayankar Oko-Oba mun san wannan tun kafin a faɗa a rediyo. Idan bazara ta yi nisa za ka ga saniya ta kwanta ta kasa tashi, sai mutum biyu sun kama ta, ɗaya a ƙaho ɗaya a wutsiya, sun ɗaga ta. Irin wannan mahauta suna sayenta da abin da bai wuce kuɗin fata da yawa ba.

Saboda haka idan kun ba shi buhun gero kaɗai, kun ciyar da shi amma ba ku tsare masa dukiyarsa ba. Ku ware wani kaso ku sayi dusa da harawa da angurya da kanwa, ku kai su tun kafin watan Maris, a ciyar da shanun da ke haihuwa da masu ba da nono, ba garke duka ba, domin ba za ku iya ba. Lokacin da shanu suka fi mutuwa shi ne ƙarshen bazara da kuma saukar ruwan farko, sa'ad da sanyi ya same su babu ƙarfi a jiki. A Nijar a 2010 ƙungiyoyin agaji sun riƙa sayen dabbobin da suka rame da farashi mai mutunci, a yanka a raba wa mabukata naman, mai dabba ya samu kuɗi, talaka ya samu nama. Wanda ya san farin 1973 da na 1984 ya san yadda mutane masu garken kansu suka koma kiwon shanun attajirai, wasu har yau ba su farfaɗo ba.

Hajiya, Obalende:

Alhaji, amsar tambayarka tana hannun kasuwar da ke kusa da ƙauyukan. Idan kasuwa tana ci, akwai hatsi a cikinta kuma hanya lafiya, kuɗi ya fi, domin kuɗin motar da za ku biya ya isa ya ciyar da gidaje da dama, kuma kowane gida ya fi ku sanin abin da ya fi damunsa. Idan kuwa hatsin ne babu, tura kuɗi zai ƙara masa tsada ne kawai. Amma abin da na fi so ku lura da shi shi ne lokaci. Hatsi ya fi araha bayan kaka, yunwa kuma ta fi tsanani daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da rumbu ya ƙare, sabon amfani bai zo ba, ga aikin noma yana neman ƙarfi. Ku saya yanzu, ku ajiye, ku raba a lokacin.

Kada ku manta da iri. Gidan da yunwa ta matsa yakan ci irinsa, damina ta zo ya rasa abin shukawa. Ku nemi gero mai saurin nuna irin SOSAT da wake ɗan gajeren zango, ku ba da su gab da shuka tare da abinci, in ba haka ba irin ma a tukunya zai ƙare. Sunayen waɗanda za a ba a rubuta su a bainar jama'a, ga mai unguwa, ga liman, ga arɗo, kuma a sa mata a ciki, domin su ne suka san gidan da ba a ɗora tukunya ba. Yaron da aka ga ya rame ko ƙafafunsa sun kumbura, asibiti za a kai shi, abinsa ya wuce na tuwo. Ku kuma sanar da hukumar agajin gaggawa ta jiharku, wato SEMA, don a san halin da ƙauyukan suke ciki.

Dattijo, Idi-Araba:

Hajiya ta yi magana mai kyau, sai dai ban goyi bayan ajiyar hatsi na tsawon watanni ba, muddin ku kuna Legas shi yana can. Ƙwari suna ci, mutane ma suna ci, kuma na ga zumunci ya lalace a kan makullin sito. Ni da ni ne, da rijiyar burtsatsen da ta lalace zan fara gyarawa, a yi wa dabbobi kwamin sha daban nesa da gonakin rani, domin sau da yawa faɗan manomi da makiyayi a irin wannan shekara a bakin ruwa yake farawa. Idan kuma akwai kuɗin zakka a cikin abin da kuka tara, ku ware shi, ku tambayi malamai, domin shi yana da waɗanda aka ƙayyade a ba, ba kamar sadaka ba.

Ɗan Mile 12:

Mun gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Baba, maganar sito ta shige mu, don haka muna tunanin mu sayi hatsin a can, a ajiye a wurin da makullinsa yake hannun mutum uku daga gidaje dabam-dabam. Za mu tura mutum biyu su duba kasuwa da rijiyoyin kafin mu raba kuɗin. Alhaji na Agege, idan akwai hali ka sanar da mu inda dusa da angurya suka fi sauƙi tsakanin Kano da Gashuwa, da kuma abin da saniya ɗaya mai shayarwa take bukata a wuni.