Biro na gida ya cika maƙil, ta ina zan fara rage kaya?

Ɗan Bagalam:
Assalamu alaikum ƴan uwa, don Allah shawara nika nema. Akwai ɗaki kusa da zaure inda nika aiki, ina yi ma ƴan kasuwa lissahi da rubuta takardu. To ƙanena ya samu shiga jami'ar Dan Dicko Dankoulodo kuma babu inda za shi kwana sai nan, ke nan dole in raba ɗakin biyu. Matsalar ita ce ko wurin shimhiɗa tabarma babu. Tebur biyu, kwalaye cike da takardu har bisa taga, tsohuwar imfirimant (na'urar buga takardu) da ta mutu, wayoyin caji da ban ma san na wace waya ba ne, fakcir na NIGELEC tun na da can, ga ƙurar hunturu ta bi ta rufe komai. Duk abin da na ɗauka zan yar sai zuciya ta ce wata rana za a neme shi. Ya kuka yi ku?

Kwantabul:
Wa alaikumus salam. Malam kar ka fara da tebur ko na'ura, takardu ne ciwon. Kuma kafin ka yar da komai ka sani Nijar tana cikin OHADA, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka masu dokar kasuwanci iri ɗaya, dokarsu ta ce littattahan lissahi da takardun shaida na ciniki ana aje su shekara 10. Wanda bai kai ba kar ka taɓa shi, ranar da mutanen lanho suka zo ma wani cikin masu ba ka aiki kai za a nema. Amma tambaya ta, mi ya sa takardun mutane suke kwana wurinka? Na Alhaji na Alhaji ne. Ka ɗaure na kowa daban ka rubuta suna da shekara, ka kira shi ya aiko yaro ya ɗauka, wallahi rabin kwalayen nan haka za su tahi ba tare da ka yar da ko warƙa ɗaya ba. Naka na kanka kamar takardar hili, ta aihuwa, diplom, NIF (lambarka ta biyan lanho), waɗannan akwatin ƙarfe guda ya ishe su.

Yaro mai kwamfuta:
Ni dai gani na a ɗauke su hoto da waya duka a zuba a kile USB a ƙone sauran, an wuce zamanin kwali baba

Kwantabul:
Yaro je ka kai hoton takardar hili wurin shari'a ka gani ko za a saurare ka. Hoto na taimako, ban ƙi ba, musamman ƙananan rasit ɗin nan masu santsi da mashin ke hiddawa, zahi na cinye rubutunsu, ka aje su cikin zahin Afrilu ka dawo ka iske farar takarda. Su kam a ɗauke su hoto da wuri. Amma ta asali tana nan daram.

Uwar Biyu:
Sannu ƙanena. Abu biyu zan ƙara da ba a faɗa ba. Kwali a ƙasa nan Maradi abincin gara ne, maigidana ya aje nashi jikin bango damina guda, da aka ɗaga daga sama lahiya lau, ƙasan kuwa ya zama ƙasa. Ka sa maƙeri ya yi maka kanta ta ƙarfe doguwa, ka ja ta kaɗan daga bango, kaya su hau sama, hili ya buɗe ma yaro ya samu wurin katifa. Tebur guda ka hidda shi, mutum ɗaya mi za shi yi da biyu, ɗayan ai tara shirgi kawai yake.

Na biyun, don Allah takardun da za ka rabu da su kar ka ba yara su kai ma mai ƙosai ko mai tsire. Na taɓa sayen ƙosai na ga an naɗe min shi da takarda mai sunan mutum da lambar wayarsa da bashin da ake bin shi, haba. Mai suna da kuɗɗi a ƙone ta. Kuma ka duba da kyau, wadda ke da aya ko sunan Allah ka ware ta daban kar ta shiga bola.

Na Sabon Gari:
Imfirimant ɗin ka fara nuna ma masu gyara, wani lokaci suna sayen matacciya saboda kayan ciki, in sun ƙi sai ƴan gwangwan. Kuɗɗin ba yawa amma ya hi ta zauna tana shan ƙura. Wayoyin caji ka gwada su ɗaya ɗaya, mai aiki ka bar biyu. In akwai tsohon batir da ya kumbura kar ka sa shi cikin wutar takardu fa, fashewa yake.

Ɗan Bagalam:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Yaya, maganar gara ta tada min hankali, yanzun nan na ɗaga kwali guda na ga alama. Kwantabul, akwai wani Alhaji da ya rasu kuma takardunshi na nan, ƴaƴan ba su raba gado ba tukun, wa zan ba a cikinsu?

Kwantabul:
Kar ka ba mutum guda a ɓoye. Ka bari sai gaban wanda dangi suka wakilta, da shaidu, ya sa maka hannu cewa ya karɓa.