An ba da belin ƙanena amma sharuɗɗan sun fi ƙarfinmu

Ɗan Kurmi:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana shari'a. An gurfanar da ƙanena gaban kotun majistare bisa zargin sayen wayar sata, kuma alƙali ya ba da belinsa, sai dai ya gindaya cewa a kawo mutum biyu su tsaya masa, ɗaya ma'aikacin gwamnati mai matakin albashi na 14, ɗaya kuma mai takardar mallakar fili. Mu 'yan kasuwa ne, ba mu da irin waɗannan mutane a dangi. Yau mako uku ke nan yana gidan gyaran hali, mahaifiyarmu kullum tana ɗaure tuwo a leda a kai masa. Akwai hanyar da za a bi? Kuma yayarmu, wadda malamar makaranta ce, za ta iya tsaya masa?

Lauya Mai Nazari:
Wa alaikumus salam. Allah ya kawo mafita. Sashe na 36(5) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗauki duk wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai kotu ta tabbatar da laifinsa, saboda haka manufar beli ita ce a tabbatar zai dawo kotu ranar zama. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, a sashe na 165, ta hana tsawwala sharuɗɗan beli, kuma jihohi sun yi nasu dokokin a kan wannan tsari, ciki har da Kano a 2019. Abin da ya kamata shi ne lauyanku ya shigar da buƙata a rubuce gaban alƙalin yana roƙon a sassauta sharuɗɗan, tare da takardar rantsuwa da ke bayyana ƙoƙarin da kuka yi bai ci nasara ba. Idan aka ƙi, sai ku garzaya Babbar Kotu. Alƙalai da dama suna karɓar mai unguwa ko sanannen ɗan kasuwa mai tabbataccen adireshi. Game da yayarku, sashe na 167(3) na waccan dokar ta 2015 ya hana a ƙi mutum ya tsaya wa wani don kawai mace ce. Idan kuɗin lauya ya gagara, ku tuntuɓi ofishin Legal Aid Council (hukumar gwamnati mai taimaka wa marasa ƙarfi da lauya) na jiharku.

Baban Hanifa:
Ɗan'uwa, ku bayyana wa duk wanda zai tsaya girman nauyin da zai ɗauka, domin a nan ƙasar babu wani jami'i da ke bin sawun wanda aka saki kullum. Wanda ya sa hannu shi ne mai sa ido. Na taɓa tsaya wa ɗan maƙwabcina, ya tafi Legas ci-rani bai sanar da ni ba, ya rasa zama biyu. Kotu ta ba da umarnin kamo shi, ni kuma aka aiko mini da sammaci in zo in faɗi dalilin da ba za a karɓi kuɗin da na sa hannu a kai ba. Na kwana uku ban runtsa ba kafin mahaifinsa ya dawo da shi. Ku kuma guji masu shawagi a harabar kotu suna tayin tsayawa da takardunsu a biya su, domin in aka gano na jabu ne, belin ma yana iya rushewa.

Ɗan Kurmi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mai unguwarmu ya amince zai tsaya tare da yayarmu, kuma gobe da safe zan kai wa lauya takardunsu.