Neman shawara: da me zan auna ƙwazon masu rubuta manhaja?

Mai tambaya, daga Yaba a Legas:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. An ɗora mini jagorancin injiniyoyi a wani ƙaramin kamfanin manhajar biyan kuɗi, kuma maigidan yana so duk ƙarshen wata in kai masa lissafin layukan kod (wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta) da kowa ya rubuta, domin da shi zai yanke wanda za a ƙara wa albashi. Hankalina bai kwanta ba, saboda wanda muka fi dogara da shi yakan yini yana duba aikin wasu, wani lokaci ma goge kod yake yi. Me zan gabatar a madadin wannan?

Wani yaya, daga Agege:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ranar da aka ɗaura albashi a kan yawan layuka, abin da ake gamawa a layi goma zai koma hamsin, kuma ku ne za ku sha wahalar gyaransa. Tun 1975 masanin tattalin arzikin Ingila Charles Goodhart ya lura cewa ma'auni yakan lalace da zarar an mai da shi abin da ake bi. Ka duba ma'aunai huɗu na DORA, kamfanin bincike kan aikin manhaja wanda Google ta saya a 2018: sau nawa kuke sakin sabon aiki, tsawon lokacin da gyara ke ɗauka kafin ya isa hannun masu amfani, kashi nawa na sakin ke jawo matsala, da kuma saurin farfaɗowa idan manhajar ta tsaya. Amma tawaga ake aunawa da su, kada ka rarraba su kan mutum ɗaya ɗaya.

Wata 'yar'uwa, daga Idi-Araba:
Malam, ka fara auna naka aikin. Idan gyaran da aka gama ranar Litinin yana jiran mai dubawa har Alhamis, wannan jinkirin a wuyanka yake. Haka nan taron safe da ake tilasta wa wanda ya tsallako cunkoson gadar Third Mainland, alhali zai iya halarta daga gida. Rage musu taruka, ka tabbatar da wuta da intanet.

Wani dattijo, daga Obalende:
Ni dai ina ganin maigidan yana da hakkin sanin inda kuɗinsa ke tafiya, don haka kada ka je masa da "a'a" kawai. Ka roƙe shi wata uku na gwaji da waɗannan ma'aunai, batun albashi kuma a bar shi ga zaman da kake yi da kowane injiniya da shaidar abokan aikinsa.