Mu tara ne daga Kaduna: Gana za mu fara zuwa ko Kenya?

Malamin makaranta, Tudun Wada

Assalamu alaikum. Mu tara ne, maza biyar da mata huɗu, yawancinmu malaman makaranta ne a nan Kaduna, kuma shekara biyu ke nan muna zuba adashe da niyyar mu fita ƙasar waje tare, mu ga namun daji da wuraren tarihi, mu kuma ga yadda wasu al'ummu suke rayuwa. In ban da uku da suka sauke farali, babu wanda ya taɓa ƙetare iyakar Najeriya a cikinmu. Yanzu da kuɗi suka ɗan taru sai kawuna suka rabu, domin matasanmu sun kafe a kan Kenya saboda abin da suke gani a talabijin na dajin Masai Mara, ni da wasu kuwa hankalinmu ya fi kwanciya da Gana. Akwai dattijuwa a cikinmu, yayar abokina, wadda ciwon gwiwa ba ya barinta ta yi doguwar tafiya a ƙasa, kuma ba ma son zuwa inda salla da abincin halal za su zame mana wahala. Ina roƙon waɗanda suka taɓa zuwa su ba mu shawara kan ƙasar da za mu fara da ita, da watan da ya dace, da kuma ko mu damƙa shirin ga kamfanin tafiye-tafiye ko mu yi da kanmu.

Ɗan kasuwa, Unguwar Sanusi

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya sa albarka a wannan niyya. Shawarata ita ce ku fara da Gana, kuma ba don araha kaɗai ba, ko da yake ɗan Najeriya ba ya bukatar biza saboda yarjejeniyar ECOWAS, sai fasfo da katin rigakafin shawara.

Babban dalilina shi ne, Bahaushe a Gana baƙo ne kuma ɗan gida a lokaci guda. Kakanninmu sun daɗe suna fataucin goro zuwa ƙasar Gwanja, suna sauka a Salaga, kuma Alhassan Ɗantata kansa a wannan hanya ya yi fatauci tun yana matashi. Daga nan ne zanguna suka samo asali, shi ya sa a zangon Kumasi ko a unguwar Nima ta birnin Akara za ku yi ciniki da Hausa tsantsa. Da safe za ku tarar da koko da ƙosai a bakin titi da sunayensu na Hausa, shinkafa da waken da suke kira waakye daga kalmarmu ta wake sunanta ya fito, a Tamale kuma za a kawo muku tuwon zafi. Maganar masallaci da abincin halal ba za ta taso ba a arewacin ƙasar.

Game da namun daji, ku nufi gandun dajin Mole da ke kusa da Damongo, wanda shi ne mafi girma a ƙasar, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 4,500, kuma tafiyar kamar awa uku ce a mota daga Tamale. Mun fita da sassafe a ƙafa, ma'aikacin gandun yana gaba da bindiga a kafaɗa, sai ya ɗaga hannu ya ce mu tsaya, ya nuna mana kashin giwa yana tururi a kan hanya. Ba mu yi nisa ba muka riske su a bakin tafki, uku suna watsa wa kansu ruwa da hanci, ɗaya yana karya reshe kamar yadda yaro yake karya kara. Ban taɓa jin ƙanƙantar kaina ba irin ta wannan safiya, bakina bai daina tasbihi ba har muka koma. Hajiyar da kuka ambata ba sai ta wahalar da gwiwarta ba, domin akwai zagayen mota, kuma masaukin yana kan tudu ne yana kallon tafkin, tana zaune a kujera za ta hango giwaye suna shan ruwa. Sai dai ku kula da gwaggon biri, ba ya jin kunyar ɗauke abinci daga kan tebur.

Kusa da ƙofar gandun akwai masallacin Larabanga, ginin ƙasa da itatuwa a soke a jikinsa da tsohuwar kuka a gefe, wanda mutanen garin suke cewa tun 1421 aka gina shi. In kun gangara kudu, kada ku tsallake gidan bayi na Elmina da Turawan Fotugal suka gina a 1482. Na shiga ɗakin da ake tsare mata, na tsaya a ƙofar da in an fita da mutum ba ya dawowa, kuma a motar komawa babu wanda ya iya cewa uffan. Ku je a hutun Disamba, domin da rani ne ciyawa take bushewa, dabbobi su taru a bakin ruwa.

Ma'aikaciyar jinya, Barnawa

Alhaji ya faɗi gaskiya, amma a yi wa matasan nan adalci. In zaki da raƙumin dawa da jakin dawa suke son gani, Mole ba za ta biya musu bukata ba, domin garin giwa ne da ɓauna da barewa. Ni na je Masai Mara a watan Agusta, lokacin da dabbobin nan masu kama da shanu, waɗanda mutanen can suke kira nyumbu, suke ƙaura daga Serengeti ta Tanzaniya su fiye da miliyan ɗaya, tsakanin Yuli da Oktoba. Mun yi awa biyu a bakin kogin Mara muna jira, garken ya matso ya ja da baya, ya sake matsowa, har ɗaya ya yi ƙundumbala ya faɗa ruwa, sauran suka bi shi ƙura na tashi, kadoji kuma suna jira a ƙasa. Wannan lokaci ya yi daidai da dogon hutunku na makaranta.

Abin da zan gargaɗe ku a kai shi ne tsada da hanya. Kuɗin gandun da dala ake lissafa wa baƙi, kuma kuɗin shiga yana ninkawa a rabin shekara na biyu. Daga Nairobi awa biyar zuwa shida ne a mota, wani yanki da gargada, wanda ba zai yi wa Hajiya daɗi ba. Motar zagaye mutum shida ko bakwai take ɗauka, don haka ku tara sai mota biyu da direba biyu. Nairobi tana kan tudu, akwai sanyi sosai a Yuli da Agusta, ku tafi da rigunan sanyi kamar na hunturu. Abincin halal yana samuwa a kewayen masallacin Jamia da ke tsakiyar birnin, amma a masaukan daji sai kun sanar tun kafin ku isa. Kuma kada kowa ya ɗauki hoton Bamasaye, wato ɗan ƙabilar Masai mazauna yankin, ba tare da neman izininsa ba, kamar yadda ba za mu so baƙo ya ɗora wa iyayenmu kyamara a kasuwa ba.

Tsohon ma'aikacin banki, Malali

Malam, ni a kan kuɗi da shugabanci zan yi magana, domin a nan ne tafiyar abokai take lalacewa. Mun taɓa biyan wani kamfani kuɗin komai gaba ɗaya bisa alkawarin baki, muka isa muka tarar masaukin da aka nuna mana a hoto ba shi ba ne, kuɗin shiga wurare kuma aka ce ba ya cikin lissafi, har zumuncin wasu ya taɓu a kan wanda ya kawo kamfanin. In Gana ce, za ku iya shiryawa da kanku. In Kenya ce, ku nemi kamfani mai rajista a can, ya rubuto muku dalla-dalla abin da kuɗinku ya ƙunsa, kuma kada ku biya duka sai kun sauka. Ku naɗa amirin tafiya guda da ma'aji daban, a ware wani kaso don larura, a kuma duba fasfo ɗin kowa ya zama da sauran wata shida aƙalla. Kafin nan, ku gwada kanku da kwana biyu a Yankari ta jihar Bauchi, ku yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki. A nan za ku gane mai makara da mai saurin fushi tun ba ku sayi tikitin jirgi ba.

Malamin makaranta, Tudun Wada

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na karanta wa jama'armu amsoshinku bayan la'asar, kuma mun tsaya a kan zuwa Yankari a ƙarshen wata mai kamawa, sannan Gana a hutun Disamba in Allah Ya kai mu, matasan kuma sun amince a ci gaba da zubin adashe domin Kenya. Alhaji, saura tambaya ɗaya: daga Akara zuwa Tamale jirgi kuka hau, ko kuwa mota kuka bi ta Kumasi? Hajiya ta ce in dai za a tsaya ta ga zangon Kumasi da idonta, za ta daure wa zaman motar.