Saura wata uku WAEC, ba ni da malamin lesin: ta ina zan kama lissafi?

Ɗalibar SS3:
Salamu alaikum. Jama'a a taimaka da shawara. Idan malami yana yi a allo ina ganewa, amma da an miƙo takarda sai kaina ya ɗaure. Kuɗin lesin babu. Kiredit kawai nake nema.

Malamin Lissafi:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ciwon naki sananne ne: kallon lissafi kike yi, ba yin sa ba. Duk misalin da kika karanta, ki rufe littafin, ki ɗauki biro ki warware shi daga farko. Inda hannunki ya cije, nan ne aikin yake.

Ki san fasalin jarrabawar tukuna. Takarda ta farko tambayoyin zaɓi 50 ne cikin awa ɗaya da rabi, wato kowace tambaya ba ta samu minti biyu cikakku ba. Ta biyu awa biyu da rabi ce, tambayoyi 13, za ki amsa 10: biyar na farko dole ne, maki 40, sai ki zaɓi biyar cikin takwas, maki 60. Ki riƙa ba na dolen minti 11 kowace, na zaɓin minti 17, sai minti 10 ya rage miki na dubawa.

Makon nan ki ɗauko tambayoyin shekara guda cikin na baya, ki kalli agogo, ki amsa ba leƙe. Sannan ki ware littafi guda na kurakurai kaɗai: tambayar, abin da kika rubuta, da dalilin faɗuwa. Bayan kwana uku ki sake gwada ta. Awa ɗaya kullum bayan asuba ta fi awa bakwai ranar Lahadi.

Yaya Injiniya:
Ƙari kan maganar Malam. Da yawa ba darasin SS3 ne ke kayar da su ba, na JSS ne. A gwada waɗannan: 1/2 + 1/3 amsarsa 5/6 ce, wanda ya samu 2/5 ya tara sama da sama, ƙasa da ƙasa. (a + b)² kuwa a² + 2ab + b² ne, 2ab ɗin nan shi ake yarwa a hanya. Sai -3², wanda yake -9, amma (-3)² shi ne 9. In ɗaya ya kuɓuce miki, ki ba firakshan da alamun tarawa da ɗebewa mako biyu cur kafin ki taɓa logaridim. Ba abin kunya ba ne.

Kalkuleta ma tana cin mutane. Ki danna sin 30: in ta ba ki 0.5, lafiya lau. In kika ga -0.988, tana kan RAD (awon kusurwa da radiyan), ki mayar da ita DEG (awon digiri), in ba haka ba duk tambayar kusurwa ta tafi.

Malamin Lissafi:
Haka ne. Kuma a takarda ta biyu hanya ma tana da makinta daban da na amsa. Ki rubuta fomula, ki sa lambobi a ciki, layi bayan layi. Ko kin yi tuntuɓe a ƙarshe, makin hanya na nan. Amsa tsirara ba aiki, asara ce. Kada ki taƙaita lamba a tsakiyar aiki, ki bari sai layin ƙarshe, sannan ki sa cm² ko ₦ yadda ya dace. A zanen kamfas da rula kada ki goge ƙananan layukan da kamfas ya ja, su mai maki yake nema. Biyarin (bearing, wato kusurwar da ke nuna alƙibla) kuma daga arewa ake aunawa, a bi juyin agogo, a rubuta lamba uku: 045°, ba 45° ba. Ki fara zana hoton kafin lissafi.

Ɗalibar SS3:
Allah ya saka da alheri. To in na maƙale, ga amsa a bayan littafi amma ban ga yadda aka kai gare ta ba fa?

Yaya Injiniya:
Ki yi minti 15 kina kokawa da ita, kar ki wuce haka. Ki mayar da amsar cikin tambayar ki bi ta baya: a x² - 5x + 6 = 0, sa 2 ko 3 zai ba ki sifili, daga nan za ki hango (x - 2)(x - 3). In ta ƙi, ki sa mata alama, ki tara kamar biyar ki kai wa malamin ajinku lokacin tara, da aikin da kika fara a hannu.